Dukiyar Da Bankunan Suwizalan Ke Juyawa: Ta Wace Ce, Kuma Me Ke Kumbura Ta?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na ji a labarai cewa dukiyar jama'a da ke hannun bankunan ƙasar Suwizalan ta haura faran tiriliyan 9, kuma wai bankin UBS shi kaɗai yana juya sama da dala tiriliyan 6. Abin ya ɗaure mini kai. Ba a daɗe ba muka ji babban bankinsu na biyu ya durƙushe, an kuma ce sirrin ajiyar da aka san su da shi ya ƙare. To daga ina wannan kuɗi yake ɓullowa? Na bankunan ne, ko kuwa har yanzu ɓarayin gwamnati ne ke kwasa suna kai musu? Ni malamin makaranta ne, ina so a yi mini bayanin da zan iya maimaita wa ɗalibaina. Daga wani mai karatu a Funtuwa.

Amsa: Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Malam, Allah ya saka da alheri, ya yi wa ɗaliban albarka. Alƙaluman da ka ji gaskiya ne, sai dai ba abin da kunne ke fara ɗauka suke nufi ba. Kuɗin ba na bankunan ba ne, kuma mafi yawan ƙarin da ake shela ba wani ne ya ɗauko jaka ya kai ba. Bari mu bi ta ruga, don na san ɗalibanka za su fi saurin kama zancen daga can.

Ka san yadda ma'aikaci ko ɗan kasuwa a cikin gari yake sayen saniya biyu ko uku ya miƙa wa Bafulatani kiwo. Wannan ya kawo biyar, wancan ya kawo goma, har garke ya kai ɗari uku. Wanda ya hango shi daga bakin titi sai ya ce lalle wannan bawan Allah ya tara dukiya. Amma in ka zauna da shi kuka yi hira, za ka iya tarar da nasa na kansa ba su wuce ashirin ba. Sauran duk amana ce. Rabonsa shi ne nono da ladan kiwon da aka yi yarjejeniya a kai. Saniya ta haihu, maraƙin na mai ita ne. Ta mutu ba da sakacin makiyayi ba, asarar mai ita ce. In kuma bashi ya ci makiyayin, masu bin sa ba su da ikon kora shanun mutane su kai kara.

Haka lamarin yake a banki. Akwai jarin banki na kansa, wanda masu hannun jarinsa suka zuba da ribar da ya tara. Akwai tsabar kuɗin da mutane suka ajiye a asusu, wanda ko da muna kiran sa ajiya, a haƙiƙa rance ne ka ba banki: yana cuɗa shi da na kowa, yana ba da bashi da shi, kai dai alƙawari kake riƙe da shi cewa duk ranar da ka zo za a ba ka. Malamanmu na fiƙihu sun daɗe da bambance wannan da ajiyar amana, wadda ake mayar maka da ainihin abinka. Sai kashi na uku, wanda tambayarka ke kansa: hannayen jari na kamfanoni, takardun bashin gwamnatoci, zinari da makamantansu, waɗanda banki ke riƙe wa mutum da sunansa, ko dai yana saye da sayarwa a madadinsa a matsayin wakili, ko yana ba shi shawara shi kuma ya yanke. Akwai ɗan kason tsabar kuɗi da ake lissafawa a ciki, amma galibinta irin waɗannan takardu ne.

Dubi UBS ɗin da ka ambata. A ƙarshen 2024 jarinsa na kansa bai kai dala biliyan 100 ba. Kadarorin da ke cikin littafinsa, har da basussukan da ya bayar, sun ɗan haura dala tiriliyan 1 da rabi. Dukiyar mutane da yake juyawa kuwa ta kai wajen dala tiriliyan 6.1. Ka ga shanu ashirin da garken ɗari uku. Dokar ƙasar ma ta raba su: idan banki ya karye, takardun hannun jarin da yake riƙe wa mutum ba sa shiga rabon masu bin bashi, ana ware su a mayar wa mai su. Tsabar kuɗin asusu kuwa inshorar ajiya faran 100,000 kawai ta lamunce wa kowane mutum a kowane banki, kamar yadda hukumar NDIC a Nijeriya ta ɗaga nata zuwa naira miliyan 5 a 2024. Kai da kake ma'aikaci ma kana iya ganin irin wannan tsari a kuɗin fansho: kamfani ɗaya ne ke juya su, wani daban ke riƙe da su, don kada faɗuwar mai juyawa ta tafi da gumin mutane. Wani ɗan tsokaci don 'yan'uwanmu na Nijar: faran ɗin da ake magana a nan ba sefa ba ne, faran na Suwizalan ne, wanda darajarsa ta ɗara ta dalar Amurka.

Kafin mu je ga ƙaruwar, kada ka haɗa alƙaluman nan biyu ka ce UBS ke riƙe da kashi biyu cikin uku na dukiyar ƙasar. Ba ma'auni ɗaya ba ne. Faran tiriliyan 9 ɗin jimillar abin da aka yi wa rajista a cikin ƙasar ne, a bankuna sama da 200, har da kuɗin fanshon 'yan ƙasar da na kamfanonin inshorarsu. Na baƙi bai wuce kusan rabi ba. Dala tiriliyan 6 na UBS kuwa na duniya ne baki ɗaya. Kusan rabin abin da sashensa na kula da attajirai ke juyawa yana nahiyar Amurka ne, tun da ya sayi kamfanin dillalai na PaineWebber a 2000. Wani likita a Texas da UBS ke riƙe wa kuɗin ritayarsa, kuɗinsa ba su taɓa leƙa birnin Zurik na Suwizalan ba.

To me ke sa garke ya ƙaru?

Babban dalili haihuwa ce, wato tashin kasuwa. Ƙungiyar bankunan ƙasar tana fitar da lissafi duk shekara, kuma in ka jera shi za ka ga abin da nake nufi. A ƙarshen 2021 dukiyar tana wajen faran tiriliyan 8.8. A 2022 ta sauka zuwa kimanin 7.8. A 2023 ta koma wajen 8.4, a 2024 ta kai kusan 9.3. Yanzu ajiye wannan kusa da ma'aunin S&P 500, mai auna farashin manyan kamfanonin Amurka: ya faɗi da kusan kashi 19 cikin ɗari a 2022, shekarar da Rasha ta afka wa Yukiren kuma manyan bankunan ƙasashe irin CBN ɗinmu suka yi ta ƙara kuɗin ruwa, sannan ya tashi da kusan kashi 24 a 2023 da kusan kashi 23 a 2024. Tare suke sauka, tare suke hawa. Tiriliyan gudan da ya ɓace a 2022 ba masu shi ne suka zo da motoci suka kwashe ba, farashi ne ya karye. Wanda ya dawo daga baya ma galibi farashin ne ya farfaɗo.

Bari mu matso kusa da mutum ɗaya. Ka ɗauka wata dattijuwa ce a birnin Janiba na Suwizalan da mijinta ya rasu ya bar mata hannayen jari na dala miliyan 1 a farkon 2023, kuma jarin nata yana bin sawun wancan ma'auni. Ba ta ƙara ko sisi ba, ba ta cire ba, ko ƙofar bankin ba ta taka ba. Ƙarshen shekara takarda ta iso mata a ambulan, ta buɗe ta ga dala miliyan 1 da dubu 240. Shekara ta zagayo ta ga sama da miliyan 1 da rabi. A rahoton banki za a rubuta cewa dukiyar da yake kula da ita ta ƙaru da rabin miliyan. In kuma ladan da suka yi yarjejeniya kashi 1 cikin ɗari ne a shekara, abin da banki ke yanka ya tashi daga dala 10,000 zuwa 15,000, alhali aikin da yake yi mata bai ƙaru ba. Nan ne sirrin son da manyan bankuna ke yi wa wannan sana'a. Ba da bashi yana buƙatar jari mai kauri, kuma wanda aka ba zai iya ƙin biya. Kiwon dukiyar wasu kuwa lada ne mai zuwa kowane wata uku, kasadar tana wuyan mai dukiya. Kasuwa ta faɗi, ladan ya ragu amma ba ya yankewa. Ni a ganina wannan shi ne abin da ya fi cancanta mai dukiya ya sa wa ido, domin kashi 1 ba ya tsorata kowa a shekara ɗaya, amma in aka yi shekara talatin ana yankar sa daga jimilla, abin da ya tafi yana da yawa ƙwarai.

Sai canjin kuɗi, wanda kai ɗan Nijeriya ba ka buƙatar dogon bayani a kansa. Bankunan Suwizalan suna lissafi da faran, amma dukiyar da suke riƙewa da yawanta da dala take ko yuro. Ranar 15 ga Janairun 2015 babban bankin ƙasar ya janye ƙaidin da ya kafa na faran 1.20 a kan yuro ɗaya ba tare da gargaɗi ba, faran ya yi tsalle, nan take dukiyar da ake aunawa da shi ta motse ba tare da an cire ƙwandala ba. Mu kuma akasin haka muka gani. Wani abokina mai sayar da atamfa a Kantin Kwari yana da dala 10,000 a asusu. Kafin a saki naira a watan Yunin 2023, a farashin gwamnati na wajen naira 460, kuɗin nan naira miliyan 4.6 ne. A 2024, da dala ta kai wajen 1,500, sai ya nuna mini wayarsa yana murmushi, miliyan 15. Da ya tashi yin odar kaya, dilolin da kuɗin suka sauke masa ba su ƙaru da ko ɗaya ba. Haka kadarorin manyan bankunan Nijeriya suka kumbura a waɗannan shekaru, domin wani kaso mai tsoka na abin da suke riƙe da shi da kuɗin waje yake.

Hanya ta uku ita ce makiyayi ya gaji garken maƙwabcinsa, kuma a nan ne labarin Credit Suisse, bankin nan na biyu da ka ji ya durƙushe, ya shigo. A ƙarshen 2022 UBS yana juya wajen dala tiriliyan 4. A ƙarshen 2023 ya kai 5.7. Babban abin da ya kawo wannan tsalle shi ne haɗiye Credit Suisse da ya yi. Faɗuwar wani tashin wani. Amma ga ƙasar gaba ɗaya ba a samu ƙarin komai daga wannan ba, shanu ne suka tashi daga wannan shinge suka koma wancan.

Abin da ya rage, wanda shi kaɗai ne ke gaya maka ko mutane sun yarda da banki, shi ne sabon kuɗi: abin da masu dukiya suka kawo da hannunsu, bayan an ɗebe abin da suka janye. Duk rahoton da za ka karanta, wannan layin za ka fara nema. A 2024 sashen attajirai na UBS ya tashi daga wajen dala tiriliyan 3.9 zuwa kusan 4.2, amma sabon abin da ya shigo bai cika dala biliyan 100 ba. Kuma ko a cikin wannan, ma'aunin da bankin ke amfani da shi yanzu yana haɗawa da ribar hannun jari da kuɗin ruwan da dukiyar ta haifar da kanta. Biliyan 100 ba wasa ba ne, amma a kan tiriliyan 4 bai kai kashi 3 cikin ɗari ba.

Don ka ga nauyin wannan layi, dubi yadda ya kashe banki mai shekara 167. Alfred Escher ne ya kafa Credit Suisse a 1856 don samar da kuɗin shimfiɗa layin dogo, kuma tare da shi aka gina Suwizalan ta zamani. Ruwa ba ya tsami banza. A 2021 kaɗai bankin ya yi asarar wajen dala biliyan 5.5 a kan wani kamfanin zuba jari na Amurka mai suna Archegos, ya kuma rufe wasu asusun jari na dala biliyan 10 da ke da alaƙa da kamfanin ba da lamuni na Greensill, waɗanda ya tallata wa attajiransa a matsayin wuri mai aminci. Wannan na biyun ya fi ciwo, domin shanun amana ne aka kai inda bai kamata ba. A watan Oktoban 2022 jita-jita ta bazu a kafafen sada zumunta cewa bankin na dab da faɗuwa. Cikin wata uku na ƙarshen shekarar, abin da aka janye ya zarce abin da aka kawo da faran biliyan 110. Ba layi aka yi a bakin ƙofa ba, daga waya da kwamfuta aka yi ta turawa, dare da rana. Shekarar ta ƙare da asarar faran biliyan 7.3.

Ranar Laraba 15 ga Maris 2023 aka tambayi shugaban Saudi National Bank, bankin Saudiyya da ya fi kowa hannun jari a Credit Suisse da kusan kashi 10 cikin ɗari, ko za su ƙara zuba kuɗi, ya ce sam ba za su ƙara ba. Dalilinsa na ƙa'idojin hukuma ne, amma kasuwa ba ta tsaya jin dalili ba. A daren nan hukumomin ƙasar suka fito suka ce bankin ya cika sharuɗɗan jari, babban banki kuma ya buɗe masa rancen faran biliyan 50. Bai tsayar da gudun ba. Ranar Lahadi 19 ga wata da daddare, kafin kasuwannin Asiya su buɗe, shugaban ƙasa Alain Berset da ministar kuɗi Karin Keller-Sutter da shugaban babban banki Thomas Jordan suka zauna a gaban 'yan jarida a Bern, babban birnin ƙasar, tare da shugabannin bankunan biyu, aka sanar cewa UBS ya sayi Credit Suisse a kan faran biliyan 3. Ba a ko tambayi masu hannun jari ba, dokar ta-ɓaci aka yi amfani da ita. Mai hannun jari 22 da ɗoriya na Credit Suisse ya samu ɗaya na UBS. Wasu takardun bashi na kusan faran biliyan 16 aka share su kamar ba a taɓa rubuta su ba, abin da ya jawo ƙararraki a kotu.

Ka lura da wani abu a nan, don ɗalibi mai kaifin ƙwaƙwalwa zai tambaye ka. In dukiyar amana ce, me ya sa janye ta zai kayar da banki? Janye takardun hannun jari ba ya kayar da banki nan take, lada kawai yake rage masa. Abin da ke kisa shi ne attajirin da ya ɗauke takardunsa yakan haɗa da tsabar kuɗin da ke asusunsa, su kuwa banki ya riga ya ba da su bashi na shekaru. Mutumin da ke da miliyan 50 a asusu, inshorar faran 100,000 ba ta kwantar masa da hankali, shi ya sa shi ne farkon gudu. Waɗanda ke da takardu a hannun Credit Suisse ba su rasa su ba, sun wayi gari ne kawai da sabon makiyayi.

Yanzu ga batun sirri. Dokar bankuna ta 1934 ce ta mai da tona asirin mai ajiya laifin da ake ɗaure mutum a kai. Amurka ce ta fara fasa wannan katanga. Wani tsohon ma'aikacin UBS, Bradley Birkenfeld, ya fallasa yadda ake taimaka wa Amurkawa su ɓoye dukiya daga haraji, a 2009 bankin ya biya dala miliyan 780, daga baya aka miƙa bayanan asusu sama da 4,000. Wegelin, banki mafi tsufa a ƙasar, wanda asalinsa ke komawa 1741, ya amsa laifi ya rufe a 2013. Credit Suisse ya amsa nasa a 2014 ya biya dala biliyan 2.6. Daga 2017 bankunan suka fara tattara bayanan asusun baƙi, a 2018 aka fara miƙa su kai tsaye ga hukumomin harajin ƙasashensu, kuma yau ƙasashen da ake wannan musaya da su sun haura 100. Dokar 1934 tana nan ba a soke ta ba, ma'aikacin banki da ya kwarmata sunan mutum har gobe zai fuskanci hukunci, amma ta daina zama laima ga baƙon da ke gudun harajin ƙasarsa.

Mutane da yawa sun ɗauka ranar da sirri ya tafi kuɗin za su bi shi. Wasu sun bi, ƙananan bankuna da dama sun rufe ko an haɗiye su. Amma akasarin dukiyar ta zauna, domin ba ɓuya kaɗai ke kawo attajiri ba. Mai masana'anta a ƙasar da kuɗinta ke zubewa duk shekara, ko wadda sabuwar gwamnati ke iya ƙwace kadara da sanarwa ɗaya a rediyo, abin da yake nema shi ne kuɗi mai riƙe darajarsa, kotun da za ta saurare shi, da ƙasar da ba ta shiga yaƙi da wata ƙasa ba tun 1815. Gidajen banki irin su Lombard Odier da aka kafa a 1796 da Pictet na 1805 sun ga zuriya bayan zuriya ta iyali ɗaya, sun san yadda ake raba gado tsakanin 'ya'yan da ke zaune a ƙasashe huɗu. Ga shi kuma dukiyar duniya tana ƙara taruwa a hannun 'yan tsiraru, musamman a Asiya da yankin Larabawa. Sai dai Suwizalan ba ita kaɗai ba ce a fagen yanzu. Hong Kong da Singafo sun fi ta saurin jan sabon kuɗi, Dubai ma ta shigo, kuma tun da ta bi Tarayyar Turai ta ƙaƙaba wa Rasha takunkumi a Fabrairun 2022 ta riƙe biliyoyin faran na Rashawa, wasu attajiran sun fara raba ƙafa.

Ɓarayin gwamnati fa? Ba zan rufe ka ba, biri ya yi kama da mutum, kuma mu ne shaida. Bayan rasuwar Janar Sani Abacha a 1998, Suwizalan ta riƙe ɗaruruwan miliyoyin daloli da aka gano a bankunanta, kuma a 2000 hukumar da ke sa ido kan bankunan ƙasar ta tsawata wa wasu daga cikinsu kan karɓar kuɗin ba tare da bincike ba. An mayar wa Nijeriya wajen dala miliyan 700 a zagayen farko. A Disambar 2017 aka sa hannu kan mayar da wasu dala miliyan 321, da sharaɗin Bankin Duniya ya sa ido, su ne aka ce a raba wa gidaje marasa galihu naira 5,000 a wata. Filifin ma ta karɓi sama da dala miliyan 600 na tsohon shugabanta Marcos. Na Mobutu, tsohon shugaban Kwango, kuwa, da gwamnatin ƙasar ta kasa bin shari'ar yadda ya kamata, a 2009 aka sake su suka koma hannun iyalinsa. Wannan na ƙarshen yana ci mini rai duk lokacin da na tuna, domin yana nuna ba a mayar da kuɗin sata sai mai kaya ya tashi tsaye ya bi sawu da lauyoyi da hujjoji shekara da shekaru. A 2022 kuma wasu 'yan jarida sun samu bayanan asusu sama da 18,000 na Credit Suisse, aka ga sunayen mutanen da bai kamata a ce an buɗe musu ƙofa ba.

Amma ka auna. Duk abin da aka mayar mana daga can bai wuce dala biliyan 1 da 'yan kai ba. A wurinmu asibitoci ne da ajujuwa da rijiyoyin da ba a gina ba. A cikin tiriliyan 9 kuwa ko kashi ɗaya cikin dubu bai kai ba. Saboda haka kuɗin sata ba su ne ke bayyana ƙaruwar da ka ji a labarai ba, ko da yake akwai su. Ɓarawon yau ma ya fi son gidaje a manyan biranen duniya da kamfanonin bogi masu sunan wani, inda tambayar ba ta kai ta banki tsanani ba.

Abin da ya fi damun 'yan Suwizalan su kansu a yanzu wani ne daban. Ƙasa ce mai mutum kusan miliyan 9, kuma babban banki ɗaya ya rage mata a fagen duniya, wanda kadarorin littafinsa suka kusa ninka abin da ƙasar ke samarwa a shekara sau biyu. Ba su manta ba cewa shi kansa UBS gwamnati ce ta cece shi da faran biliyan 6 a Oktoban 2008. Da Credit Suisse ya faɗi akwai wanda zai ɗauke shi. In UBS ya yi tuntuɓe, babu na biyu a gida. Shi ya sa a Yunin 2025 gwamnati ta gabatar da ƙudurin da zai iya tilasta masa ƙara jarin da ya kai dala biliyan 26, shi kuma yana cewa hakan zai karya masa gwiwa a gaban bankunan Amurka. Ni ina ganin gwamnatin ce ke da gaskiya, domin ranar da abu ya lalace mai biyan haraji ake tasa da tsakar dare.

Ga wani lissafi da za ka rubuta wa ɗalibanka a allo. Banki ya fara shekara yana juya biliyan 1,000 na mutane, ya ƙare da 1,200, ya fito yana shelar ƙarin kashi 20 cikin ɗari. A shekarar kasuwa ta ɗaga dukiyar da kashi 15, ya kuma sayi wani ƙaramin banki mai riƙe da biliyan 80, canjin kuɗi bai motsa ba. Ka ce su nemo maka nawa masu dukiya suka kawo da hannunsu. In sun haɗa 1,000 da 150 da 80 za su samu 1,230, su ga cewa ba a kawo komai ba, biliyan 30 ma aka janye. Wassalam.